Ranar da Gari Ya Shigo Aji

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kiɗa
a makarantar da ke manne a ƙugun tudu
a Valparaíso, inda teku ke leƙo mu ta taga.
Fiyanonmu ya yi giɓi, haƙora uku sun zube,
yara kuwa sun gaji da ni
kamar yadda ake gajiya da miyar shekaranjiya.
In na ja layi biyar a allo
sai hamma ta zaga aji kujera-kujera,
wayoyi na ƙyalli a ƙarƙashin tebur
kamar idon mage a duhu.

Wata Talata na ajiye alli.
Na ce: to, ku fito da su.
Wayar da nake ƙwacewa, yau ita ce kunnenku.
Ku bi gari ku tsinto min sauti,
daƙiƙa ashirin kowa, kuma ban da waƙar wani.

Maite ta kawo kukan akwatin ƙarfe
mai jan mutane zuwa saman tudu,
igiya na nishi kamar tsohuwa a matakala.
Eliseo ya kawo tsuntsayen teku
suna rigima a kan hanjin kifi.
Tagwayen gidan Cárcamo suka kawo mai a kaskon kakarsu
da tsawar da ta daka musu, wadda suka ƙi gogewa.
Nahuel bai kawo komai ba.
Ya ce wayarsa ta mutu. Na san ƙalau take.

Muka zuba su a tsohuwar kwamfuta,
sauti ya zama korayen duwatsu a kan gilashi,
mu yanka, mu jera, mu maimaita.
Abu ya ƙi tsayuwa:
tsoka ce zalla, babu ƙashi.

Sai Itzíar ta ce, saura nawa.
Ta danna.
Tan-taka-tan, taka-taka... tan.
Mai sayar da gas ne ke dukan tukwane da guntun ƙarfe
a bayan mota, yana shelar isowarsa unguwa.
Aji ya ɗauke wuta.
Ƙafafu suka bi shi ba da izinin kowa ba.
Eliseo ya ce, kai, wannan gwani ne,
ku ji yadda yake jinkirta bugun ƙarshe.

Can a lungu Nahuel ya ja hular rigarsa har goshi.
Bai ɗago ba ya ce:
Ba gwaninta ba ce. Kafaɗarsa ke ciwo tun bara.
Aka juyo.
Ya ce: babana ne.

Malami ma yakan rasa darasi.
Linzamin kwamfuta kawai na tura masa.
Ya daɗe yana kallonsa,
sannan ya jawo bugun uban ya shimfiɗa a ƙasa,
ya ɗora teku, ya ɗora igiya,
ya dasa tsawar kaka
daidai inda kafaɗar ke hutawa.
Abu ya miƙe da ƙafafunsa.

Ranar da muka kunna wa iyaye
mutumin ya zo a makare, da kayan aiki a jiki,
ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu.
Minti uku da 'yan kai.
Da tafi ya lafa ya matsa kusa da ɗansa,
na kasa kunne in ji abin da uba zai ce.
Ya ce: a tsakiyar nan ka sa ni sauri.
Gobe ka biyo ni mota in nuna maka.

Fiyano har yau da giɓinsa.
Alli kuwa na koma gare shi,
don Nahuel ya tsare ni ran Litinin
ya nuna layi biyar ɗin nan da ya tsana,
ya ce: Malama, yaya ake rubuta
shirun da ke zuwa kafin bugun ƙarshe?